Shirun Nan Da Mai Shi

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah muka cika motoci uku daga Manchester, muka nufi arewa, zuwa yankin nan na tafkuna da tsaunuka da ke gundumar Cumbria, wanda Turawan Ingila ke kira Lake District. Tafiyar kamar awa biyu ce. Da yake da yara da dattawa a cikinmu, ba mu ɗaukar wa kanmu hawan wani dogon tsauni ba. Muka zaɓi wani ɗan tafki mai suna Tarn Hows, tsakanin ƙauyukan Coniston da Hawkshead, wanda ake zagaye shi a ƙafa cikin awa guda ba tare da an yi haki ba. Rana ta ɗan leƙo, ruwan ya kwanta luf da inuwar itatuwa a cikinsa, can nesa kuma ga kawunan duwatsun Langdale. Sai wani dattijo daga cikinmu, malamin da muke ɗaukar karatu a wurinsa ranakun Lahadi, ya tsaya ya dogara sandarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Subhanallahi! Kun ga inda hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Yadda aka halicce shi haka yake. Da mutum ya shigo, da tuni ya ɓata."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don ba a gyara wa babba zance a gaban yara. Amma maganar ta biyo ni gida, domin ba Malam kaɗai ke faɗinta ba. Na ji ta a bakin ɗalibanmu da ke zuwa karatu, na ji ta a bakin Turawan da na yi aiki da su, ita ce kuma takardun tallan yawon buɗe ido ke raɗa wa mutum ko da ba su fito fili sun faɗa ba. Mutum miliyan goma sha wani abu ke zuwa yankin duk shekara, kuma da yawansu da wannan tunanin suke zuwa, da shi suke komawa. Na nemi izinin Malam in rubuta abin da na kasa faɗa a bakin ruwan, ya yi dariya ya ce in rubuta, ai ɗalibin da ba ya musu bai fara karatu ba.

Allah Ya gafarta Malam, bari in fara da inda ba mu da saɓani. Tasbihin da ka yi a wurinsa yake. Babu ɗan Adam da ya ɗora Scafell Pike, tsauni mafi tsawo a Ingila, har ya kai mita 978. Babu wanda ya haƙa tafkin Wastwater ya zurfafa shi mita 79. Masana ilimin ƙasa sun ce aman wuta ne ya fitar da duwatsun tsakiyar yankin tun shekaru miliyan ɗari huɗu da wani abu, daga baya ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe su, ta riƙa gangarowa a hankali tana kankare ƙasa, ta bar kwaruruka masu faɗin ciki da ramukan da suka cika suka zama tafkuna. Ruwan sama ma ba wanda ke da hannu a cikinsa. A Seathwaite, wani ɗan ƙauye a ƙarshen kwarin Borrowdale, abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,000, fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Wannan duka ikon Allah ne tsantsa. Inda na rabu da Malam shi ne rigar da ke jikin waɗannan duwatsu: ciyawar, itatuwan, hanyoyin, katangun, har ma da shirun. Waɗannan Allah Ya hukunta su ne ta hannun bayinsa, kuma bayin suna da tarihi.

Sai in fara da inda muke tsaye ranar nan. Tarn Hows da ya sa Malam tasbihi, kafin shekarun 1860 wasu 'yan kududdufai ne guda uku a cikin fadama. Wani attajiri mai suna James Garth Marshall, wanda gidansu suka yi arziki da masaƙa a birnin Leeds, shi ya mallaki ƙasar, ya sa aka datse ƙoramar da ke fita, ruwa ya taru ya haɗe kududdufan suka zama tafki guda. Shi ya sa aka dasa itatuwan da muka ga inuwarsu a ruwa, kuma an zaɓi inda za a dasa su ne don su yi wa ido daɗi. Da mun gangara ɗan kaɗan ta gefen da ruwan ke fita, da mun taka ginin datsiyar da ƙafarmu. Wurin da aka fi ɗaukar hotonsa a matsayin dajin Allah, lambun mai kuɗi ne da ya tsufa har ya manta da magininsa.

Wani zai ce to wannan ɗan tafki ne guda. Mu bar shi, mu hau sama. Abin da ya fi burge mai tafiya a kan waɗannan tsaunuka shi ne sararinsu: ba daji, ba sarƙaƙiya, ciyawa gajera kamar an shimfiɗa darduma, ido na tafiya iyakar ganinsa. To bayan da ƙanƙara ta narke, kurmi ne ya rufe akasarin waɗannan gangare, ban da can ƙololuwa. An gano haka ne daga ƙurar furannin itatuwa da ta kwanta cikin laka a ƙasan tafkuna, shekara bisa shekara. Mutum ne ya sare kurmin, kuma ya fara tun da wuri. A ƙarƙashin dutsen Pike of Stickle da ke Langdale, wanda muka hango daga bakin ruwa, akwai wurin da mutanen da suka rayu kimanin shekara 6,000 da suka wuce suke fasa wani koren dutse suna sassaƙa ruwan gatari da shi. An tsinci irin waɗannan gatura a sassan Birtaniya masu nisa, har da ƙetaren teku a Ireland. Wato sana'ar farko da aka sani a wannan wuri da ake cewa hannu bai taɓa ba, ƙera abin sare itace ce.

Daga nan ba a sake barin wurin ya huta ba. Romawa sun gina sansanin soja a kan mashigin Hardknott a ƙarni na 2, suka zuba masa dakaru daga Dalmatia, can gaɓar tekun da Kuroshiya take a yau, katangunsa suna nan har gobe. Wani dogon tsauni a gabashin yankin sunansa High Street saboda hanyar da suka bi ta gadon bayansa. A ƙarni na 10 sai ga wasu manoma makiyaya 'yan asalin Norway suka zauna, suka bar harshensu a kan komai. Mutanen yankin har yau ba sa kiran tsauni da kalmar da sauran Ingila ke kiransa, sai su ce fell, ƙorama su ce beck, ɗan tafkin kan dutse su ce tarn. Duk sunan garin da ya ƙare da thwaite, irin su Seathwaite da Rosthwaite da Braithwaite, ma'anarsa fili da aka share daji aka buɗe. Taswirar da ke hannun mai yawo, in ya iya karanta ta, jerin sunayen gonaki ce da aka yi wa sassabe. Bayan su rahiban gidan ibada na Furness suka mallaki manyan filaye, suka cika su da tumaki, don a lokacin ulu shi ne babbar hajar Ingila.

Nan ne nake so Malam ya ɗan zauna da ni, domin a kan tumakin nan maganar ta fi nauyi. Abin da ya hana kurmi dawowa tun daga wancan zamani shi ne bakin tunkiya. Akwai wani iri na yankin da ake kira Herdwick, kusan duk wanda ke duniya a nan yake. Ana haifar ɗan baƙi wuluk, in ya girma jikin ya koma ruwan toka, fuskar ta yi fari. Gashinsu kaushi gare shi, ba ya tsada, amma suna jure sanyi da ruwa da dusar ƙanƙara a inda wata tunkiyar ba ta kwana biyu. Saman tsaunukan kuwa makiyaya ce ta tarayya. Gonaki da dama ke da haƙƙin sakin dabbobinsu a kan tsauni guda, kuma babu shinge tsakaninsu. To me ke hana garken wannan gida ya bi na wancan, ko ya ɓace ya ɓulla a wani kwari?

Abin da ke hanawa suna kiransa heft. Kowace tunkiya ta san yankinta na tsaunin, ta san inda ruwa yake, ta san dutsen da za ta raɓe in iska ta taso daga yamma. Ba makiyayi ne ya koya mata ba. Uwarta ce ta koya mata, lokacin da ta hau da ita tana 'yar makonni, ita ma haka za ta koya wa tata 'yar. Ilimin wuri ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana miƙawa daga uwa zuwa 'ya. Shi ya sa a gonaki da yawa, in ɗan haya ya tashi wani ya shigo, wani adadi na garken ba ya tashi, yana nan tare da ƙasar, don in aka kwashe su aka kawo baƙi, sai an yi shekaru ana fama kafin su zauna. An ga haka a 2001, lokacin da ciwon ƙafa da baki ya faɗa wa dabbobin Birtaniya, Cumbria ce kuma ta fi shan wuya. An rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin Herdwick. Kuɗin diyya na iya sayen wata tunkiya, amma ba ya sayen abin da ke cikin kan wadda aka kashe.

Sau da dama a shekara maƙwabta kan haɗu da karnukansu su hau su tattaro garkunan gaba ɗaya: lokacin barbara a Nuwamba, lokacin haihuwa a Afrilu, lokacin askin gashi a Yuli. Gayya ce sosai, don mutum ɗaya ba ya iya share tsauni. In an sauko sai a rarrabe, kowa ya gane nasa da shaida iri biyu, tsaga a kunne da shafin launi a gadon baya. Tun 1817 wani mutumin kwarin Martindale, Joseph Walker, ya tattara shaidun gonaki ya buga a littafi, don wanda ya tsinci ɓatacciya ya san inda zai mai da ita, kuma har yau ana sabunta irin wannan littafi. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san burtali da mashaya da shaidar kunne, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Waccan ciyawa mai kama da darduma, aikin waɗannan mutane ne da dabbobinsu.

Katangun fa? Duk inda ka duba za ka ga layin duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, suna kewaye gonaki a gindin kwari, wasu kuma sun miƙe sun hau gangaren da mutum ke hawa da rarrafe. Ido ya saba da su har yana ɗaukarsu kamar tsirowa suka yi. Kowane dutse da hannu aka ɗaga shi. A Great Langdale akwai wata katanga da ta zagaye gindin kwarin, wadda aka ambata a wata takarda tun 1216. A Wasdale Head katangun sun yi kauri fiye da kima, domin a cikinsu manoma suka riƙa tara duwatsun da suke tsincewa daga gona. Duk hunturu sai sanyi ya ture wani sashe, duk bazara sai wani ya durƙusa ya mai da shi.

Shirun kansa, wanda shi ne abin da masu gudun cunkoso ke nema, a wurare da yawa sabo ne. Kwarin Newlands, kusa da garin Keswick, yana cikin wuraren da ake kwatanta wa mai son tafiya shi kaɗai, babu abin da zai ji sai kukan tumaki da ƙarar ruwa. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, cikin shekarun 1560, an ɗauko mahaƙa daga Jamus suka zo suna fitar da jan ƙarfe a nan, ramin Goldscope yana nan da bakinsa a buɗe. A saman Seathwaite aka samu baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi, mai daraja har sai da aka riƙa gadinsa da bindiga, daga shi ne kuma Keswick ta zama garin fensir. A bayan Coniston akwai kwarin da sunansa ma na ramukan jan ƙarfe ne. A Glenridding an yi ta haƙar dalma har 1962. Dazuzzukan kudancin yankin, waɗanda ke yi wa mai tafiya inuwa a yau, gandun itace ne da ake sarewa bi da bi duk bayan 'yan shekaru, a ƙona gawayi, a sassaƙa ƙwarƙwaron zare don masaƙun Lancashire. Masana'antar Stott Park ta yi wannan aiki daga 1835 zuwa 1971. Hanya mai sauƙin gangare da mai yawo ke yaba wa, sau da yawa mahaƙa ne suka fasa ta don dabbobin dakon kaya da amalanke. Ashe abin da muke kira shirun daji, wani lokacin shirun kufai ne.

Kufai kuwa akwai na gaske, kuma shi ne hujjar da ta fi taɓa ni. A gabashin yankin akwai tafkin Haweswater. Masu neman kaɗaici suna sonsa, domin ba shaguna, ba jiragen ruwan haya, hanyar mota ma a ƙarshensa take mutuwa. Wanda ya tsaya a can da sassafe zai rantse tun farkon duniya ba a taɓa hura wuta a wurin ba. Alhali a ƙarƙashin ruwan akwai ƙauye, sunansa Mardale Green, da gonakinsa da cocinsa da masaukin baƙinsa. A 1919 majalisar dokoki ta ba birnin Manchester izinin datse kwarin. Aka fara gini a 1929. A 1935 aka yi ibadar ƙarshe a cocin, sannan aka rushe ta, aka tono gawawwakin da ke maƙabartarta aka kai su garin Shap aka sake binnewa. Aka tashi mutanen, aka rusa gidajen, ruwa ya hau mita 29 a kan inda yake a da. In aka yi fari ruwan ya ja, kamar yadda ya faru a 1984 da wasu shekarun bayanta, sai katangun gonaki da wata 'yar gada su fito fili, jama'a su riƙa zuwa suna takawa a kan titin ƙauyen. Mutanen tsohuwar Bussa, da aka tasa saboda madatsar Kainji a shekarun 1960, su za su fi kowa gane wannan labari.

Kafin Haweswater an yi wa tafkin Thirlmere haka. An gama madatsarsa a 1894, aka ja ruwan tafiyar kusan kilomita 154 zuwa Manchester, yana gangarawa da kansa ba injin da ke tura shi. Ƙauyukan Armboth da Wythburn suka tafi, sai coci ɗaya da ta tsira a kan tudu. To Malam, mu da muka taso daga Manchester neman wurin da mutum bai taɓa ba, birninmu ne ya taɓa shi da hannu mafi nauyi.

Daga ina wannan tunani ya samo asali, tunda shaidu sun cika ido haka? Shi ma yana da tarihi. A shekarun 1720 marubuci Daniel Defoe ya ratsa yankin, bai ga wani abin sha'awa ba, ƙasa ce a wurinsa marar amfani mai ban tsoro. Bayan shekara hamsin sai yayi ya juya. A 1778 Thomas West ya buga littafin jagora, ya ƙayyade wuraren da baƙo zai tsaya ya yi kallo. Masu hannu da shuni suka riƙa zuwa da wani ɗan madubi mai duhu, su juya wa tafkin baya, su kalle shi ta cikin madubin don ya yi kama da zanen da ake ratayewa a bango. A irin wannan kallo manomi ba shi da gurbi sai in ya yi kyau a hoto. Mun gaji madubin, sai dai namu yanzu waya ce. Abin lura shi ne waɗanda suka fi sanin wurin ba su faɗa wannan kuskure ba. Mawaƙi William Wordsworth, wanda aka haifa a Cockermouth a 1770, ya cika rubutunsa da makiyaya da ƙananan manoma. Beatrix Potter, mai littattafan yara, ta zuba kuɗin littattafanta wajen sayen gonaki, ta zama gwanar kiwon Herdwick, ita ce ma ta sayi ƙasar da Tarn Hows ke ciki. Da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar National Trust eka kimanin 4,000 da gonaki goma sha wani abu, da nufin a ci gaba da noma da kiwo a kansu. Da hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, ta sa shi ne a rukunin ƙasar da al'ada ta siffanta, wato aikin mutum da muhallinsa tare.

Adalci ne in kawo abin da ya fi ƙarfi a ɓangaren Malam, wato cewarsa mutum in ya shigo ɓatawa yake yi. Akwai masana da ke faɗin kusan haka. George Monbiot, a littafinsa Feral na 2013, ya ce tumaki sun cinye waɗannan tsaunuka sun bar su tsirara, ba furanni, ba tsuntsaye, ba ƙananan itatuwa, ya kuma yi adawa da karramawar UNESCO. Ba zan ce ƙarya yake yi ba. Shekaru da dama bayan Yaƙin Duniya na Biyu ana biyan manoma tallafi gwargwadon yawan kawunan dabbobinsu, sai garkuna suka yi wa ƙasa yawa. Gaggafar ƙarshe irin mai ruwan zinariya da ta rage a Ingila a kwarin Riggindale take, dab da Haweswater, ta yi shekaru ita kaɗai ba abokin zama, har ta ɓace wajen 2016. A Disambar 2015 guguwar Desmond ta zubar da milimita 341 cikin awa 24 a mashigin Honister, ruwa ya ci Glenridding, ya tafi da gadar Pooley Bridge da ta tsaya tun ƙarni na 18, mutane suka fara tambaya ko gangaren da ba itace ba shi ke saurin tura ruwa cikin gari.

Sai dai a duba yadda ake gyaran. A kwarin Swindale, maƙwabcin Mardale, magabata sun miƙe ƙoramar don su sami filin ciyawa. A 2016 aka kawo motar haƙa aka mai da mata lanƙwasarta, ba a daɗe ba kifin salmon ya dawo yana zuba ƙwai a cikinta. A Ennerdale, tun 2003 aka rage tumaki a wasu sassa, aka saki 'yan shanu irin na Galloway cikin daji don su tattake ƙasa iri ya samu shiga. Ko'ina taro aka yi, aka yi gardama, aka zana taswira, aka nemi kuɗi. Hannun da ya ɓata shi ne dai ke gyarawa. Kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A rage garke inda ya yi yawa, a bar itace ya tsiro a kwazazzabai, wannan magana ce da manoma da yawa suka karɓa. Amma wanda ya yarda cewa asalin wurin ba kowa, da sauƙi ya zarce ya ce makiyayi baƙo ne a kansa, a tashe shi. Wannan shi ya sa ban ɗauki maganar bakin ruwan nan a matsayin ƙaramar magana ba.

Tana kuma shafar ladabin mai tafiya. Wanda ya ɗauka dajin Allah ya shiga, ba ya ganin laifi ya bar ƙofar shinge a buɗe, ko ya saki kare cikin tumaki masu ciki, ko ya haura katanga ya ture duwatsun da wani zai kwana biyu yana mayarwa. Wanda ya san gonar mutane yake ratsawa, tafiyarsa daban ce. Ita hanyar ma da yake bi ba kyauta ta faɗo ba. A 1887 jama'ar Keswick sun yi gangami sun hau tudun Latrigg da ƙarfin tsiya, bayan masu ƙasar sun toshe hanya. Sai a shekara ta 2000 doka ta tabbatar wa kowa 'yancin yawo a buɗaɗɗun tsaunukan Ingila. Alfred Wainwright ya kwashe shekaru yana hawa da sauka, ya rubuta littattafai bakwai da hannunsa tsakanin 1955 da 1966, ya zana hanyoyin tsaunuka 214, su ne mutane ke bi har yau. Inda sawu ya yi yawa ƙasa ta zaizaye, ma'aikata da 'yan sa kai ne ke jera duwatsu kamar matakala, wani lokacin jirgi mai saukar ungulu ke kai musu dutsen. A wasu wurare masu dausayi, gashin tumakin nan da ba ya tsada ake shimfiɗawa a ƙasa kafin a zuba tsakuwa. Kana tafe kana jin daɗin kaɗaici, ashe a kan gumin mutane da gashin tumakinsu kake takawa.

Ban rubuta wannan don in rage wa Malam daɗin abin da ya gani ba. Ni tun da na san labarin wurin, tafiyar ta ƙara mini daɗi, don yanzu kowace katanga tana da abin da take gaya mini. In Allah Ya kai mu bazara, ina roƙon Malam ya bar ni in kai shi Mardale. Akwai wata tsohuwar hanya da ta tashi daga bakin ruwan ta hau gangare ta faɗa Swindale. Kafin ƙauyen ya samu maƙabartarsa a ƙarni na 18, ta nan suke bi da mamatansu, a ɗaure a bayan doki, zuwa Shap. Ba sai mun kai ƙarshenta ba. Mu hau a hankali, Malam na dogara sandarsa, har inda wasu rusassun bukkokin dutse suke, mu zauna mu kalli tafkin daga sama. In ya ce Subhanallahi zan amsa masa da zuciya ɗaya. Sannan in nuna masa daidai inda cocin take, da inda gonakin suke, in tuna masa cewa wani kaso mai yawa na ruwan famfon Manchester daga waɗannan kwaruruka yake zuwa. Ruwan da muke alwala da shi da asuba ya kwana a kan kufan wasu mutane kafin ya iso butarmu.

Allah Ya ƙara wa Malam lafiya, Ya kuma yafe mini in na yi tsaurin ido.